Kwana Ukun Mai Gyaran Fiyano

Ranar da na fara sauka a Guangzhou, duk waɗanda muka taho tare daga Kano jakunkunansu shafal suke, domin sayayya ce ta kawo su, kuma da jaka wayam ake zuwa a koma da ita maƙil. Ni kaɗai na fito ina jan wani dogon kaya naɗe cikin bargo, ɗaure da igiyar shanya. Wani dattijo da muka zauna kusa da juna a jirgi ya tambaye ni abin da ke ciki, na ce masa fiyano ne. Ya dubi bargon, ya dube ni, ya ce, "Kayan lantarki ka ɗauko daga Kano ka kawo Caina? Malam, kai ne mutumin da ya ɗauki goro ya nufi Gwanja."

Ban ji haushi ba, don bai san abin da ke cikin bargon ba. Babban fiyano ne irin na sitidiyo, wanda za ka ɗora ganga, ka ɗora garaya a kanta, ka bi da sarewa, ya haɗa maka su duka ya ajiye a cikinsa. Shekara tara na yi da shi a wani ɗaki a Kano ina yi wa mawaƙa kiɗa, kuma cikin shekarun nan na zauna na gyara muryoyin da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya, har sai da gangarsa ta iya Hausa. Da harkar ta yi sanyi, ɗan kawuna mai ofishin tura kaya a unguwar Xiaobei ya ce in zo in taya shi aiki. Na yarda, amma na ce da fiyanona zan taho.

Aikina a ofis auna katan-katan ne, da rubuta sunan mai kaya a jiki, da bin mota zuwa tashar jiragen ruwa ta Huangpu ranar loda kwantena. Ranar Lahadi kuwa in rufe ɗakina, in sa hedifon, in yi ta kiɗa ni kaɗai. A hankali 'yan kasuwarmu suka gane, suka laƙaba mini Mai Fiyano, wasu da raha, wasu da ɗan taɓe baki.

A shekarata ta uku, wani Alhaji mai sana'ar kulolin abinci ya tsayar da ni a bakin ofis bayan mun gama loda masa kwantena. Ya ce yana son waƙar talla da za a riƙa sawa a rediyo a Kano, kuma a gama ta kafin kwantenar ta sauka Legas.

"Kiɗan ya zama na mutunci," in ji shi. "Wanda mutum zai ji tare da surukinsa ba tare da ɗaya ya tashi ba. Kada ka yi mini na gidan gala. Sunan kular kuma ya riƙa fitowa akai-akai, don shi ake so a riƙe, ba sarewa ba."

Na ce, "Alhaji, kwantena sai ta yi wata biyu a ruwa. Ni sati guda ya ishe ni."

Ya bar mini kuloli uku na samfur, babba da matsakaiciya da ƙarama, wai in riƙa kallonsu basira ta zo. Washegari ya tashi zuwa Kano.

Lokacin kuwa na gumin gari ne. Duk wanda ya zauna a Guangzhou ya san 'yan makonnin nan na bayan sanyi, da bango yake tsattsafo da ruwa, ka shanya riga kwana uku ka ɗauko ta da danshinta har da ƙarin wari. Ni kuma na bar taga a buɗe na tafi Huangpu, wai ɗaki ya sha iska. Ranar Lahadi na zauna na yi bismillah na kunna fiyano. Rabin gilashinsa ya kawo haske, rabi ya ƙi. Na danna maɓalli ɗaya, sai na ji tafi, irin na taron jama'a. Na danna wani, tafi. Na bi su tun daga farko har ƙarshe, baƙi da fari, kowanne tafi yake yi mini. Cikin ɗaruruwan muryoyin da ke cikinsa, a kan wannan guda ya maƙale. Shekara goma sha biyu muna tare, bai taɓa yaba mini ba sai ranar da ya lalace.

Aka yi mini kwatancen wani tsoho mai gyaran kayan kiɗa a wani bene na kasuwar kayan lantarki. Na naɗe fiyano a bargonsa na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, na tsayar da shi a gefena na rungume, kamar mai kai ɗan uwa asibiti. Shagon a hawa na huɗu yake, can ƙarshen lungu, faɗinsa bai wuce na darduma biyu ba. Tsohon yana zaune cikin singileti da ya naɗe zuwa saman tumbi, tabarau a ƙarshen hanci, butar shayi tana tafasa a kan wata matacciyar sifika. Ya kwance bayan fiyanon, ya leƙa, ya shinshina, sannan ya yi magana cikin wayarsa ya miƙo mini. Haka muke magana da shi, ya faɗa da yarensa wayar ta juya mini zuwa Turanci. Ta ce, "Ya sha ruwa. Wani ɗan faranti a ciki ya mutu. Kwana uku."

Ya ɗaga yatsu uku don kada in yi shakka, ya zuba mini shayi a wani kofi da bai fi murfin kwalba ba. Na fito ina cewa a raina, lallai inda aka ci gaba an ci gaba, da a gida ne da sai an ce in dawo bayan sati biyu.

Bayan kwana uku na koma. Ya tarbe ni da fara'a, ya zuba shayi, ya ce, "Mintiyen." Wannan kalma na san ta tun a kasuwa, gobe ke nan. Gobe ta yi na koma, ya ce, "Meyo," wato babu. Wayar ta ƙara bayani cewa an daɗe da daina ƙera irin farantin, amma ya san wanda ya san wanda yake da shi a wata ƙasa. Na tsaya ina kallon benen nan hawa bakwai, cike da wayoyi da farantai iri-iri, a garin da in ka nuna hoton abu da safe za a kawo maka samfurinsa da yamma. Abu guda da na zo nema a Caina, shi ne ba a yi a Caina.

Daga nan na zama ɗan gida, duk bayan kwana uku ina hawa benen. Sati na farko aka ce an aiko da farantin. Sati na biyu ya iso garin, amma mai kawowa ya tafi ƙauye share kaburburan kakanninsa, don lokacin hutun ke nan. Da ya dawo aka buɗe kwali, sai ga farantin wani fiyano daban. Tsohon ya ɗora shi a kan nawa ya nuna mini yadda ya fi shi tsawo, yana girgiza kai kamar ni na aiko da shi. Wata rana na tarar da shagon a rufe, an manna takarda. Na ɗauki hotonta, wayar ta fassara: "Haƙori. Zan dawo."

Sau ɗaya na gwada yin faɗa. Na zuba maganganu masu zafi a cikin wayar, ta yi shiru tana juyi, sannan ta karanta masa su da muryar wata mace mai ladabi. Ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya ƙara mini shayi. Alhaji kuwa duk Juma'a sai ya turo saƙon murya daga Kano: "Mai Fiyano, kwantena tana tafiya. Kai fa?"

Maƙwabcina a gidan haya wani Badamagare ne, malamin aikin gona daga Nijar da ya zo karatun digiri na uku a kan cututtukan gero. Ya girme ni da 'yan shekaru. Ina kiransa Dakta tun bai zama ba, shi kuma yana kirana Bakano, kuma da yake Kano da Damagaram abokan wasa ne, rana ba ta faɗuwa bai tsokane ni ba. Duk mako yakan naɗi wani ɗan shiri na manoma a kwamfutarsa ya aika gida, don haka yana da makirfo mai kyau, ya kuma iya yanka murya da haɗa ta.

Wata Asabar da la'asar ya shigo ya same ni na zuba wa kuloli uku ido.

"Bakano, har yanzu zaman makokin ake yi?"

"Gobe za a ba ni shi."

"Wannan goben yayar ta wancan satin ce, ko ƙanwarta?" Ya nuna kwamfutata da ke kan tebur. "Ga ordinata a ɗaki, ba ta da aiki sai lissafin nauyin katan. Mutane yanzu a cikinta suke kiɗa."

Na ce masa na sani. Na daɗe ina raina masu kiɗan kwamfuta. A Kano masu ɗinkin hula nake ce musu, don na ga yadda suke yi, allo mai layi-layi kamar zanen ƙube, mutum ya sunkuya yana ɗiga ɗigo gida-gida. Ni a wurina kiɗa abin hannu ne, in yatsa bai taɓa ba ban ga abin da aka yi ba.

Dakta ya ce, "To, ka zauna da yatsunka. In kwantena ta iso sai ka aika wa Alhaji su a sa a rediyo."

A ranar ya saka mini manhajar. Shi da Faransanci ya san ta, tawa kuma da Turanci ta zo, don haka duk abin da ya ce in danna sai mun yi ta lalube mu biyu. Linzamin kwamfuta kuwa ɓera yake ce masa, wai haka sunansa yake a Faransanci. "Kama ɓeran da kyau. Ja shi dama. Dama na ce, ko a Kano a hagu take?"

Kiɗan farko da na haɗa ya ci mini kwana huɗu, tsawonsa kuma bai kai minti ɗaya ba. Da na kunna masa, ya miƙe ya ƙame ya sara mini. Gaskiyarsa ce, faretin 'yan sanda ne sak. Kwamfuta ba ta kuskure, kowane bugu a kan layinsa yake sauka, kiɗanmu kuwa yana son ɗan jinkiri da ɗan rangaji, kamar tafiyar mai ɗauke da tulu. Sai da na koyi kama kowane ɗigo in ɗan ture shi daga kan layi. Na yi shekaru ina horar da hannuna kada ya yi kuskure, ga ni ina koya wa inji yadda ake yinsa.

Babbar matsalar ganga ce. Manhajar tana da gangunan Larabawa da na Indiya da na wasu ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba, amma babu kalangu, babu kotso. Nawa suna can hawa na huɗu kusa da butar shayi. Ina cikin wannan takaici wata rana, ina ƙwanƙwasa murfin babbar kular da yatsu ban ma sani ba, sai Dakta ya ɗaga kai daga takardunsa ya ce in sake. Ya je ya ɗauko makirfonsa na manoma. Muka naɗi babbar, muka naɗi matsakaiciyar, ƙaramar kuma muka zuba mata ruwa rabi ta ba da wata siririyar murya. Sannan na gano wani wuri a manhajar da ake jan murya sama a sake ta ƙasa, yadda makaɗi yake matse kalangu a hammata. Da na ja, sai kular Alhaji ta yi magana. Na sake ja, ta sake magana. Dakta ya ce, "Ka gani, sai da Damagaram ta sa hannu."

Wani mawaƙi da muka saba a Kano ya rera baitocin ya turo ta waya. Muryarsa lafiya lau, sai dai a bayanta akwai janareta, da wata akuya da ta shiga amshi sau biyu. Manhajar ta cire janaretan tsaf, akuyar kuma na bi ta da ɓera na yanke. Ban faɗa wa Dakta ba, amma fiyanona ba zai iya wannan ba ko yana da lafiyarsa.

Cikin wannan hidima na daina hawa benen tsohon. Sati uku ban leƙa ba. Shi ma bai neme ni ba, sai wani ɗan hoton mutum-mutumi mai sunkuyawa da yakan turo mini jefi-jefi, ba ko kalma ɗaya.

Kwantena ta iso Legas, Alhaji kuma ya dawo Guangzhou sabon sari. Ya sauka a wani otal a titin Liuhua, ya ce in kawo masa waƙar ƙarfe takwas na safe. Na isa da kwamfuta a jaka na kira shi, ya ɗauka da muryar barci ya ce in ba shi awa guda, gajiyar jirgi ba ta sake shi ba. Kusa da wurin akwai wani lambun shaƙatawa mai tafki inda tsofaffin unguwa suke motsa jiki da safe. Na shiga in rage lokaci.

Ban yi nisa ba na jiyo kiɗa daga bayan wasu bishiyoyi, ƙafata ta tsaya da kanta. Kalangu ne. Wani kiɗa ne da na haɗa a Kano tuntuni don wata waƙa da ba a taɓa fitarwa ba, na ajiye shi a lamba ta goma sha huɗu a cikin fiyanon. Akwai wani bugun kotso a ciki da yake makara kaɗan, na yi ta cewa zan gyara ban gyara ba. Uwa ta san kukan ɗanta ko a tsakiyar kasuwa.

Na zagaya bishiyoyin. Tsofaffin mata ne sun fi ashirin, sun yi sahu-sahu, kowacce da jan mafici a hannu, suna takawa suna juyi. A gabansu ga fiyanona a kan teburin guga, an jona shi da batirin babur da sifika. A bayansa kuma ga mai gyaran nan cikin farar riga mai guga, gashi a taje, yana danna maɓallai yana kaɗa kai.

Da ya gan ni bai firgita ba. Sai da ya kai kiɗan ƙarshe, sannan ya ciro wayarsa.

"Ana gwaji," in ji wayar.

Na tambaye shi tun yaushe ake gwajin. Ya ƙirga da yatsu har goma sha shida. Ya ce farantin gaskiya ya iso ya saka, kuma shi a ƙa'idarsa ba ya mayar da kaya sai ya gwada shi a fili. Ranar da ya kawo shi nan ne ya danna lamba goma sha huɗu bisa kuskure.

Sai wata gajeriyar tsohuwa mai usur a wuya ta matso ta karɓe wayar. Da gani ita ce shugabarsu. Ta yi magana mai tsawo, tana nuna ni, tana nuna fiyanon, tana nuna sama. Na ɗauka zagi ne. Da ta gama, wayar ta ce, "Lamba goma sha huɗu tana da kyau ga gwiwa." Ta sake wata doguwar. Wai akwai gasar rawa ta unguwanni nan da kwana tara, sun yar da tsohuwar waƙarsu sun koma wannan, kuma ita ce ta hana shi mayar mini da kayana. Sannan ta tambaye ni yadda ake taka kiɗan a ƙasarmu.

Ni mutum ne da ko a bikina ban yi rawa ba, makaɗi a zaune yake aikinsa. Amma duk idanunsu a kaina suke, ga shugabar riƙe da usur. Na ajiye jaka, na duba hagu da dama ko akwai Bakano, na ɗan sauke kafaɗa ɗaya na ɗaga ɗaya, na yi taku biyu gaba, biyu baya. Ta hura usur, matan nan duka suka sauke kafaɗa lokaci guda. Sau shida aka sa ni na maimaita, don na sahun baya ba su gani ba.

Da na huta na ce mata akwai hanya mai sauƙi. Zan kwafe kiɗan in turo musu a waya su jona da sifika, ni in tafi da kayana. Ta ƙi, ta ce sifika ba ta da ido. Tsohon nan in ya ga sun fara haki yakan ɗan rage gudun kiɗan ba tare da sun roƙa ba, in sun farfaɗo ya ƙara. Na dube shi, ya sunkuyar da kai yana goge maɓallai da gefen rigarsa. Ni ma haka nake yi wa mawaƙa a Kano in numfashinsu ya gaza.

Na zauna na ɗan taɓa fiyanon. Komai ya dawo, gilashi tar, babu tafi. Yatsuna ne suka yi nauyi, hannun damana kuma sai laluben ɓera yake a gefe. Na miƙe na ɗaga wa tsohon yatsu tara, na ƙara ɗaya, wato ranar ta goma ina son kayana. Ya kama hannuna da hannu biyu.

Na isa wurin Alhaji a makare, sharkaf da gumi. Ya tambaye ni ko gudu na yi, na ce motsa jiki. Ya zauna a bakin gado ya lumshe ido, carbi a hannu, na kunna waƙar. Na ga yana jan carbin na ɗauka tasbihi yake yi, ashe sunan kular yake ƙirgawa.

"Goma sha ɗaya," in ji shi. "Ba za ta ɗauki sha biyar ba?"

"Alhaji, minti ɗaya ce waƙar."

"A rage sarewar."

Da a fiyano ne, da sai na koma gida na sake aikin yini guda. A nan gabansa na yanko sunan daga baitin farko na liƙa shi a wuri huɗu. Ya sake saurara, ya ce, "Wace irin ganga ce wannan? Ban taɓa jin ta ba."

Ban san yadda zai ɗauki maganar ba. Na ce, "Kulolinka ne, Alhaji."

Ya sa na sake kunnawa, na nuna masa ga babbar, ga ƙaramar mai ruwa rabi. Ya jingina da bango ya ce, "Na sha gaya wa mutane kayan nan suna da inganci." Nan take ya kira Kano ya ce a faɗa wa mai gabatarwa a rediyo ya riƙa sanar da cewa duk gangar da aka ji, kular ce da kanta.

Ranar ta goma tsohon ya kawo fiyanon har ƙofar gida a bayan babur ɗinsa mai batir. Ya haɗo da wasu 'yan ƙunshi masu shanye danshi, ya shiga ɗakin da kansa ya rufe tagar, ya nuna mini ita da yatsa. Gasar ba su ci ba. Shugabar ta aiko da saƙo cewa alƙalan ba su san kafaɗa ba.

Na jona fiyanon da kwamfuta, ina danna maɓallansa amma a kwamfutar ake aikin. Muryoyin kalanguna na kwashe su ɗaya bayan ɗaya na zuba a ciki, na kuma ajiye su a wuri uku. Dakta ya gama karatunsa ya koma gida, ya bar mini makirfon da sharaɗin in riƙa faɗa wa mutane garin wanda ya koya mini.

Tallan kuwa ya shiga gari, kuma tun daga nan 'yan kasuwa suka fara zuwa ɗakina da samfur. Mai tayil ya kawo tayil, ashe tayil yana da murya mai daɗi. Mai cokula bai ba ni wahala ba. Sai wata Lahadi da hantsi na ji ana fama a matakala, ana nishi, ana cewa a juya ta gefe. Na buɗe ƙofa na ga katifa ta cika hanya, wani Alhaji yana leƙowa ta samanta.

"Mai Fiyano, irin na mai kuloli nake so. Da ita za a yi kiɗan."

Na ce, "Alhaji, katifa ba ta ƙara. Ingancinta ke nan."

"Ka dai gwada. Mai kauri ce."

Muka jingina ta da bango, na kafa makirfo, na ɗauko muciya na ɗirka mata. Muka saurara a hedifon, ni kunne ɗaya shi kunne ɗaya. Abin da ya fito kamar an yar da buhun dusa a gidan maƙwabta. Ya ce in ƙara ƙarfi. Muka yi ta yi har azahar ta yi, ni da muciya shi da tafin hannu. A ƙarshe da ƙarar ledar da aka naɗo ta muka yi kiɗan, ya ce maganar ta tsaya tsakaninmu. Da muka tashi fitar da katifar kuma ta ƙi sauka ta matakalar da ta hau. Muka juya ta ta kowace fuska, ta cije a kwana. Alhaji ya share gumi ya ce in riƙe ta zuwa wani zuwan nasa. Ya zo sau biyar tun daga lokacin, muna gaisawa a ofis, bai taɓa tayar da maganar ba. A kanta nake kwana.